Kafin a saya wa Baba keke

Assalamu alaikum jama'a. A ce a Tudun Wada cikin garin Gusau akwai wani dattijo da hawan jini ya daɗe yana damunsa, har wata safiya ya wayi gari ɓarin jikinsa na dama ya shanye. An yi jinya, an sallamo shi, Allah ya sa da sauran shan ruwa a gaba. Amma yanzu daga ɗaki zuwa bayi sai an ɗauke shi cak, mutumin da shi ke buɗe masallacin unguwa da asuba.

Nan da nan za a ce a saya wa Baba keken guragu. Liman ya yi sanarwa bayan sallar Isha'i, mata su bar wa gidan kwasar adashen watan, ɗan da ke ci-rani a Legas ya turo nasa. In abin bai kai ba, a kai takarda Hukumar Zakka da Wakafi ta jiha. Wannan halin namu ne, Allah ya bar zumunci.

Sai dai kafin a nufi kasuwa, a fara kai shi sashen gashi, wato inda ake gasa jiki da motsa gaɓoɓin da suka shanye, ko a asibitin tarayya na Gusau ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura. Likitan gashi ne zai ce keke Baba ke buƙata, ko sanda mai ƙafa huɗu, ko ƙarfen dafawa. Watannin farko bayan shanyewar jiki su ne lokacin da jiki ya fi karɓar gashi. Wanda zai iya komawa taka ƙafarsa, in aka dasa shi a keke safe da yamma, an cuce shi ba a sani ba.

In keken ne, to keke kamar takalmi yake, sai an auna. Mazaunin ya yi daidai da faɗin ƙugunsa, kada ya matse shi, kada kuma ya yi faɗin da zai riƙa karkacewa ɓangaren da ya shanye. Tsakanin bakin mazauni da bayan gwiwa a bar kamar yatsa biyu zuwa uku. Ƙafafu su zauna daram a kan mataki. Kuma kada a ce kuɗi sun ƙare a bar matashin zama, don shi ke kare fata. Mai zama wuri ɗaya tsawon lokaci gyambo na iya fito masa a mazaunai, gyambon da kan yi zurfi har ƙashi, musamman in akwai ciwon suga. A riƙa ɗaga shi ko karkata shi akai-akai yana zaune, in yana kwance a juya shi duk bayan awa 2, a duba fatarsa kullum.

Sai gidan kansa. Keke ba ya tsallake dokin ƙofa, kuma tayarsa nutsewa take a rairayin tsakar gida. A nan gayya ke da rana. Magini ya zuba gangara a bakin zaure: duk tsayin inci 1 yana son tsawon inci 12, in ba haka ba ta yi tsaye da yawa. Mai walda ya kafa ƙarfen riƙewa a bayi, kafinta ya huda kujera a ɗora kan masai. Dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a 2019, ta wajabta irin wannan gangara a gine-ginen jama'a. Mu ma sai mu duba ƙofar masallacinmu.

Ina roƙonku, kada a ɗauki hoton Baba a kwance a watsa a WhatsApp don neman taimako ba tare da yardarsa ba. A tambaye shi. Jikinsa ne ya shanye, hankalinsa na nan.

Kada kuma a manta da Inna, wadda ita ke ɗagawa da kwantarwa har bayanta ya soma ciwo. 'Ya'ya da maƙwabta su raba kwanaki: wane zai kai shi gashi ranar Talata, wane zai sayo maganin hawan jini kafin ya yanke, wane zai tura shi masallaci ranar Juma'a ya ajiye shi a ƙarshen sahu, kusa da ƙofa.