Ranar Litinin a Nakano: Ni da Littattafan Manga na Gwanjo

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da hantsi, ko da yake ku a Kano ko asuba ba ta yi ba, tunda awa takwas ce tsakaninmu. Ku yi haƙuri da ƙarar nan, jirgin ƙasa ne ke tashi a bayana. Yanzu muka sauka a tashar Nakano a birnin Tokyo na Japan, tafiyar minti biyar a jirgi daga Shinjuku. Mai riƙe min kyamara yau mutumina ne da muke gida ɗaya, Bahaushen Sudan, irin waɗanda kakanninsu suka fita aikin hajji a ƙasa suka yada zango a can. Ya ce kada in nuna fuskarsa, amma muryarsa za ku ji ta, don ba ya iya yin shiru idan aka taɓa One Piece.

Kafin mu shiga kasuwa, ga abin da na tsaya na saya a shagon bakin tasha. Kun ga kaurinta? Kamar bulo. Wannan ita ce Shonen Jump, mujallar manga, wato labaran zane na Japan, da ke fitowa duk Litinin, kuma tun 1968 ake buga ta. Kuɗinta wajen yen 300. Matso da kyamarar su ga takardar. Irin wadda mai tsire zai naɗe maka nama a ciki ce, wani shafin kore-kore, wani ja-ja, tawadar har kama yatsa take. A kan irin wannan takardar Dragon Ball ya fara fitowa, da Naruto, da One Piece. Mu da muka san su a waya, a wajen masu tura finafinai, ba mu taɓa kawo wa ranmu daga nan suka taso ba. Ranar da na fara riƙe ta, wani ɗan ajinmu ya tsaya yana koya min wai daga dama ake buɗewa a karanto zuwa hagu. Na ce masa ya huta, hannuna ya saba da wannan tun makarantar allo.

Amma abin da nake so ku gani shi ne ɗan katin nan da ke ciki. Mai karatu zai zaɓi labarai uku da suka fi burge shi a wannan makon, ya liƙa kan sarki, ya aika. Yanzu har ta waya ana yi. Labarin da ya yi ta zuwa a ƙarshen ƙuri'a, ana iya datse shi tun bai yi wata shida ba, kuma suna da kalmarsu ta wannan, uchikiri. Sai ka ga jarumi ya zare takobi zai je ya gamu da babban bos, ka juya shafi, ka tarar an yi sallama da kai. Wanda kuma yake kan gaba, ba mai son ya ƙare, don shi ke ciyar da gida. Wallahi tun da na fahimci katin nan, rabin gardamar da muka kwana muna yi a majalisa ta warware min. Mu muna zaton marubuci ya zauna ne ya tsara labarinsa daga farko har ƙarshe. Ashe duk mako yana zana shafi kusan 19, yana leƙen abin da 'yan makaranta suka ce a makon jiya.

To mun shigo. Wannan ginin shi ne Nakano Broadway, tun 1966 yake. Unguwar Akihabara ta fi suna a harkar manga, amma can hayaniya ce da 'yan yawon buɗe ido. Nan ne Mandarake ya fara a 1980, ɗan shagon tsofaffin littattafan manga, yau ga shi ya mamaye shaguna da dama a benayen ginin. Wasu wuraren ba sa son kyamara, don haka idan kun ga ƙasa kawai, ku bi muryata.

Ga layin Naruto. Littafi 72, babi 700, daga 1999 zuwa 2014. Wanda bai gama kallo ba ya toshe kunne, don yau ba zan rufa wa kowa asiri ba.

Ni Naruto ne ya shigo da ni harkar nan, kuma ba faɗa ne ya kama ni ba. Yaron nan Naruto ne a zaune kan lilo shi kaɗai, iyaye sun zo ɗaukar 'ya'yansu, shi ba mai zuwa. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake kallon maraya a gidan yawa ya san wannan zaman. Sai kuma Rock Lee, wanda ba shi da baiwar komai sai naci, ranar da ya kwance ƙarafan da ke ƙafarsa a gaban abokin karawarsa Gaara suka faɗi ƙasa ta girgiza. Ƙanena ya maimaita wurin nan har batirin wayar ya mutu. Abin da labarin ya yi mana alkawari ke nan a farko: ɗan talaka mai naci zai kamo ɗan gata.

Sai me ya faru? Neji, wani yaro mai baiwa ɗan babban dangi, ya tsaya ya ce kowa da abin da aka haife shi da shi, Naruto ya lakaɗa masa duka don ya nuna masa ƙarya yake. Muka yi tafi. Shekaru suka ja, sai ga shi Naruto ɗan shugaban gari na huɗu ne, uwarsa daga babban gida, kai har aka ce ruhin wani na can farkon zamani ne ya dawo a jikinsa. Ashe ɗan sarauta ne ya yi ɓad-da-kama. Neji kuwa ya mutu yana kare 'yar babban ɗakin gidansu da shi Naruton, kusan abin da ya ce an rubuta masa tun farko. Har yau idan na tuna sai in ji kamar an karɓi kuɗina an ba ni canjin da bai cika ba. Rock Lee kuma aka ajiye shi gefe kamar tsohon keke.

Kada ma a zo maganar Kaguya. An shafe shekaru ana gina Madara a matsayin babban mugun labarin, mutum ya gagari kowa, sai dare ɗaya aka soke shi ta baya aka fito mana da ita Kaguyar, matar da ba mu da wani tsohon ciwo da ita. Na san marubucin Naruto, Masashi Kishimoto, ya yi shekara 15 yana wannan aikin mako-mako, na ga katin ƙuri'a, na gane abin da ya sa labari ke kumbura har ya fi ƙarfin mai shi. Na fahimta. Ban dai yafe ba.

Abu ɗaya da zan kare shi a kai shi ne abin da muke kira wa'azin Naruto, wato ya gama dambe da mugu sannan ya hau mumbari har mugun ya tuba. Mutane na yi masa dariya. Ni a wajen mugun da ake kira Pain na yarda da shi ɗari bisa ɗari, domin Pain ya yi tambayar da ba ta da amsa mai sauƙi: an kashe nawa, na kashe naka, wa zai fara haƙura? Kuma Naruto bai yi ƙaryar yana da amsa ba. Amma Obito, wanda ya yi sanadin mutuwar uwarka da ubanka, ka dawo kana yabonsa? Haba malam. Yafiya daban, mantuwa daban.

Masu tambayar dalilin ciko a anime (manga da aka mayar katun na talabijin), wato a bar yaƙi a tsakiya a tafi neman wata dabbar da ta ɓata, lissafi ne kawai. Babi ɗaya ke fitowa a mako, kashi ɗaya na talabijin kuma yana cinye babi biyu ko uku. Dole a kamo marubuci, sai a tsaya ana jan ƙafa har ya yi nisa.

Wani abin dariya: farar abar nan mai jan zagaye da ake ɗorawa a kan taliyar ramen, da kifi ake yinta, sunanta narutomaki, an samo shi daga ruwan da ke juyawa a mashigin Naruto. Na zo da burin cin ramen irin na jarumina, na tarar yawancin romon da ƙashin alade ake dafa shi. Sai da na nemo masu yin na halal.

Kun ji mutumina yana gyaran murya, mun iso layinsa. Shi a Sudan da Kaftin Majid ya tashi, wato Captain Tsubasa da aka juya zuwa Larabci, har ya girma bai san yaran Japan ne ke buga ƙwallon ba. Yanzu kuwa One Piece ne ya tafi da shi. Eiichiro Oda ya fara shi a 1997, ya wuce littafi 100, ya wuce babi 1,100, an buga fiye da kwafi miliyan 500. Mutumina, faɗa musu abin da kake faɗa min kullum. Ya ce wai duk wanda bai yi kuka ba ranar da aka ƙona jirgin ruwansu na farko, a duba ƙirjinsa ko akwai zuciya. To gaskiya ne, na yi kukan, ƙato da ni ina hawaye a kan katako. Wannan ita ce baiwar Oda: zai ajiye ƙaramin abu a babi na ɗari, ya dawo ya ɗauke shi bayan shekara goma, kuma ya zauna daram.

Inda muke rabuwa da kai shi ne zane. Ɗauko na farko-farkon nan, ɗauko kuma na baya-bayan nan, mu buɗe su tare. Kun gani? A na farko akwai sarari, ido yana hutawa, ka san wa ya kai naushi wa ya karɓa. Na yanzu kuwa kamar Kantin Kwari ana jibi sallah: mutum talatin a akwati ɗaya, kowa na magana. Ya ce wai arziki ne ya yi yawa. Na ce ko miya ce, idan kayan haɗi suka yi yawa ba ka jin ɗanɗanon ko ɗaya.

Zancen zane ma, mutane na haɗa abu biyu. Akwai iya zana hoto, akwai iya jan idon mai karatu. Buɗe littafin farko na Attack on Titan, za ka ga hannu ya karkace, wuya ya yi tsawo. Mai zana shi, Hajime Isayama, ya fara kai aikinsa Jump ba a ɗauka ba, sai kamfanin Kodansha suka buga shi daga 2009 zuwa 2021. Amma wannan karkacewar ce ta sa ƙattin dodannin labarin suke da ban tsoro, murmushinsu kaɗai ya isa ya hana ka barci. A cikinsa ne kuma na ga baƙin mutum da aka zana shi a matsayin mutum, matuƙin jirgi mai hankali, ba a kumbura masa leɓe don a yi dariya ba. Sunansa Onyankopon. 'Yan uwanmu na zangon Kumasi, ku kun san sunan nan, don haka Asante ke kiran Ubangiji da yarensu. Demon Slayer kuma akasin haka ne a wurina: labarin miƙaƙƙe ne, yaro na neman wa ƙanwarsa magani, kamfanin ufotable ne ya zuba masa kwalliya har fim ɗinsa na 2020 ya tara sama da yen biliyan 40 a Japan kaɗai. Abin da na yaba masa shi ne ya tsaya a littafi 23, a lokacin da kasuwarsa ke ci kamar wutar daji.

Yauwa, ga abin da ya fito da ni daga gida. Fullmetal Alchemist, littafi 27, an ɗaure su a leda ɗaya. Wannan ba a Jump ya fito ba, a mujallar wata-wata ya fito daga 2001 zuwa 2010, kuma ana jin bambancin a jikinsa. Babi 108, ba wanda za ka cire ginin bai girgiza ba. Yara biyu sun yi ƙoƙarin dawo da mahaifiyarsu da ta rasu, babban ya rasa hannu da ƙafa, ƙaramin ya rasa jikinsa gaba ɗaya, kuma labarin bai taɓa cewa sun yi daidai ba. Uwar ba ta dawo ba har aka gama. A sauran labaran an mayar da mutuwa kamar zuwa Kaduna, a je a dawo. Nan wanda ya tafi ya tafi.

Mace ce ta rubuta shi, Hiromu Arakawa, 'yar masu kiwon shanun madara a Hokkaido, har idan za ta zana kanta saniya mai tabarau take zanawa. Ina jin shi ya sa kowa a labarinta yana da sana'a, kuma matan ba ado ba ne. Makanikiyar da ke ƙera wa jarumi hannun ƙarfe mace ce, malamarsu mace ce, janar ɗin da ke tsaron iyakar arewa mace ce da sojoji ke rawar jiki a gabanta. Ka ajiye su kusa da Sakura ta cikin Naruto, wadda aka ce tana da kaifin ƙwaƙwalwa amma aka bar ta shekara da shekaru tana kiran sunan saurayin da ya yi yunƙurin kashe ta.

Mutumina ya ce na cika son abin da ya ƙare. E, na amsa. Mu da muka tashi da littattafan Hausa na kasuwa, ka sayi na ɗaya da na biyu, a ce maka a tari na uku, ka yi ta sintiri wajen mai shago, mun san wannan wahalar.

Bari in biya. Kowane ɗaya bai kai rabin kuɗin sabo ba, kuma ku duba, ko lanƙwasa babu, kamar ba a taɓa buɗe su ba. Da Japananci ne, amma irin waɗannan na samari ana rubuta ƙananan baƙaƙe a gefen kowane kanji, wato baƙaƙensu masu wuya, don a san yadda ake furta shi, don haka da ƙamus a gefe ina cin shafi huɗu ko biyar kafin barci. Mutumina, karɓi ledar nan ka ba ni kyamarar, kai da ka saba ɗaukar littafi ɗari ba za ka ji nauyin 27 ba. Azahar ta kusa, sai mun nemi inda za mu yi salla. Sai mun haɗu a na gaba.