Dazuzzukan Amurka da Aka Hana Katafila Shiga

Jama'a barkanmu da wannan lokaci. Yau za mu leƙa Amurka, mu duba wata ƙa'ida da ta hana yin hanyoyi a sassan dazuzzukan gwamnati da ba su da hanya, wadda aka shafe sama da shekara 20 ana ja-in-ja a kanta.

Hukumar kula da gandun dajin Amurka, wadda aka kafa a 1905, tana riƙe da filin da ya kai eka miliyan 193. A cikin waɗannan dazuzzuka an shimfiɗa hanyoyin mota kimanin mil 380,000, tsawon da ya isa ya zagaye duniya sau 15. Yawancinsu hanyoyin burji ne da aka yi bayan yaƙin duniya na biyu domin manyan motoci su fito da gungumen itace. Da harkar katako ta ja baya, kuɗin gyara ya ƙafe, hanyoyin suka zama ƙarfen ƙafa. Zuwa ƙarshen shekarun 1990, aikin gyaran da ya taru a kan hukumar ya haura dala biliyan 8.

To me ya sa lalatacciyar hanya a tsakiyar daji za ta dami wani? Ku zo mu matsa kusa. Ga hanya an yanka ta a jikin dutse, ga rafi ya ratsa ƙarƙashinta ta cikin kwalbati. Ruwan sama ya sauko da ƙarfi, rassa da duwatsu suka toshe bakin kwalbatin. Ruwa ya taru, ya haye kan hanya, ya ci gefenta, ya kwashi laka ya zuba a rafi. A ƙasan rafin nan akwai tsakuwa, a cikinta kifin salmon yake binne ƙwansa. Da laka ta cike tsakanin tsakuwar, ƙwan ba ya samun iska, sai ya mutu. Ruwan nan kuma shi ne yake gangarawa garuruwa, domin mutum kusan miliyan 60 a Amurka ruwan shansu daga waɗannan dazuzzuka yake fitowa.

Shugaban hukumar na wancan lokaci, Mike Dombeck, masanin kifi ne, ya san wannan ɓarna ciki da waje. Hujjarsa ba ta da wuyar ganewa: wanda ya kasa gyara rufin ɗakin da yake kwana, ina shi ina ƙara sabon gini? A 1999 aka dakatar da yin sababbin hanyoyi na wata 18. Aka yi taron jin ra'ayin jama'a wajen 600, mutane suka aiko da ra'ayi kimanin miliyan 1.6, mafi yawansu suna goyon baya. A watan Janairun 2001, saura 'yan kwanaki Bill Clinton ya sauka, ƙa'idar ta fito. Ta shafi eka miliyan 58.5, wato fili kusan girman ƙasar Ghana.

Abin da ta hana guda biyu ne: yin hanya, da sare itace don kasuwa. Farauta, kamun kifi, kiwo da yawon buɗe ido duk suna nan. Idan gobara ko ambaliya ta taso tana barazana ga rayuka, an yarda a yi hanya. An kuma yarda a rage ƙananan itatuwa don kada wuta ta samu abin ci. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Tun ba a je ko'ina ba aka shiga kotu. Gwamnatin George Bush ta sauya ƙa'idar a 2005, kotu ta soke sauyin a 2006. Jihar Wyoming ta yi ta kai ƙara har kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da ƙa'idar a 2011, Kotun Ƙoli kuma ta ƙi sauraren batun a 2012. Jihohin Idaho da Colorado kuwa suka tsara nasu na daban, ɗaya a 2008, ɗaya a 2012.

Inda rikicin ya fi zafi shi ne dajin Tongass da ke kudu maso gabashin Alaska, gandun daji mafi girma a ƙasar, eka kusan miliyan 17. Wuri ne na tsibirai da ruwan sama ba ƙaƙƙautawa, akwai itatuwan da suka shekara ɗaruruwa a tsaye. Shi kansa Juneau, babban birnin jihar, ba a shigarsa da mota, sai jirgin ruwa ko na sama. Nan ne ƙasar kakannin al'ummomin Tlingit, Haida da Tsimshian, waɗanda salmon yake cikin abincinsu da al'adarsu. An cire Tongass daga ƙa'idar a 2003, kotu ta mayar da shi a 2011, gwamnatin Trump ta sake cire shi a 2020, ta Biden ta mayar a 2023.

Masu adawa da ƙa'idar suna da abin faɗa, kuma ya kamata a saurare su. Shugabannin Alaska suna cewa ƙananan garuruwansu na buƙatar hanya don ma'adinai da wutar lantarki, kuma mutanen Washington sun ɗaure musu hannu. Gaskiya ne iyalai sun sha wuya da aka rufe masana'antar sarrafa itace ta Sitka a 1993 da ta Ketchikan a 1997. Sai dai ku duba shekarun, an rufe su tun kafin ƙa'idar ta zo. A yau kamun kifi da baƙi masu yawon buɗe ido sun fi katako samar da aikin yi a yankin nesa ba kusa ba, kuma dukansu biyun da lafiyar daji suke rayuwa.

A watan Yunin 2025, Brooke Rollins, sakatariyar ma'aikatar gona, wadda hukumar gandun dajin take ƙarƙashinta, ta sanar da shirin soke ƙa'idar, abin da zai shafi eka kusan miliyan 45 idan aka cire Idaho da Colorado. Babbar hujjarta gobarar daji ce, cewa rashin hanya yana hana a kula da daji. Tsoron gobara gaskiya ne, garuruwa sun ƙone a yammacin Amurka. Amma ni wannan hujja ba ta gamsar da ni ba. Kun ji cewa ƙa'idar ta riga ta bar ƙofar rage itatuwa da ta hanyar gaggawa. Sannan mafi yawan gobarar daji a Amurka ɗan Adam ne yake tayar da ita, da guntun sigari, da wutar da aka bari ba a kashe ba, da tartsatsin mota, kuma inda hanya ta kai, nan mutum yake kaiwa.

Za ku ce, ta yaya abu mai girma haka yake juyawa duk lokacin da aka canza gwamnati? Dalili shi ne ƙa'idar ma'aikata ce, ba dokar majalisa ba. Dazuzzukan da aka keɓe ƙarƙashin dokar kare daji da majalisa ta yi a 1964, majalisa ce kaɗai take iya taɓa su. Waɗannan kuwa, ma'aikatar da ta rubuta ƙa'idar tana iya warware ta idan ta bi matakai. An sha gabatar da ƙudurin mayar da ita cikakkiyar doka a majalisar Amurka, bai taɓa tsallakewa ba.