Gajeren Turanci ya fi dogonsa wuya: darasi daga 'yan Polan

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban taro, malamaina da ke zaune a gaba, 'yan'uwa ɗalibai, barkanmu da yamma. Na san da aka ga taken laccar nan wasu sun ce me ya haɗa kifi da kaska, ana zaune ƙalau za a ɗauko mana 'yan Polan da Turancinsu. Ku yi haƙuri ku biyo ni.

Polan ƙasa ce a tsakiyar Turai mai mutum wajen miliyan 38, harshensu kuwa dangin Rashanci ne. Har zuwa faɗuwar mulkin kwaminisanci a 1989, Rashanci ne harshen waje na dole a makarantunsu, daga baya Ingilishi ya karɓe wurin. Ranar 1 ga Mayun 2004 ƙasar ta shiga Tarayyar Turai, Birtaniya ta buɗe musu ƙofar aiki nan take, suka yi ta kwarara. Ƙidayar 2011 ta sami mutum kusan dubu 546 a Ingila da Wales waɗanda harshen Polan ne babban harshensu, babu wani harshen baƙi da ya kai shi. To yau ba maganar mai koyon gaisuwa muke ba. Maganar wanda ya riga ya iya Turanci ce, ya kai matakin B2, hawa na huɗu a ma'aunin Turai na iya harshe mai hawa shida, yana neman C1, hawa na biyar, sai ya ga tafiyar ta tsaya.

Me ya tsayar da ita? Yawancinmu za mu ce manyan kalmomi. A'a. Manyan kalmomin nan kusan kyauta ɗan Polan ke samun su. Ƙasarsu ta karɓi Kiristanci a shekarar 966, an kafa jami'ar Krakow a 1364, harshen Latin ya daɗe yana zuba musu kalmomi ta coci da makaranta. Shi ma Ingilishi, tun da Normawa, mutanen arewacin Faransa, suka ci Ingila a 1066, ya cika cikinsa da Faransanci da Latin. Sai harsunan biyu suka haɗu a sama. Ɗan Polan ya ga inform, yana da informować. Ya ga continue, yana da kontynuować. Ya ga tolerate, yana da tolerować. Ko ƙamus ba ya buɗewa.

Amma Bature a bakin aiki ba haka yake magana ba. Let know zai ce, carry on zai ce, put up with zai ce. Ƙananan kalmomi ne da ɗan aji ɗaya ya san kowacce, amma da an haɗa su sai ma'anar ta ɓace. Ku ƙaddara ma'aikaci ne a wani sito a Ingila, cikinsa ya murɗa, zai aika wa shugabansa saƙon waya. Sai ya rubuta: I would like to inform you that I am unable to continue. Babu kuskure ko ɗaya a ciki. Amma shugaban zai karanta ya ji kamar sammaci aka aiko masa daga kotu, ko ya zaci murabus ne mutumin ya yi. Abokin aikinsa ɗan gari cewa zai yi: I need to head off, I'm not feeling great. Shi ke nan. Mu nan har suna muka ba abin, dogon Turanci, kuma Allah ya sani muna cikin masu ɗaukarsa a matsayin ilimi.

Abin mamaki, dabarar ba baƙuwa ba ce ga ɗan Polan. A harshensu pisać shi ne rubutawa. A liƙa masa pod a gaba ya zama podpisać, sa hannu. A liƙa o ya zama opisać, siffantawa. A liƙa prze ya zama przepisać, kwafewa. Aikatau ɗaya ne, ɗan ƙaramin ɗafi ke juya shi. Ingilishi ma haka yake yi, sai dai shi a baya yake ajiye nasa, kuma a ware: put off, put out, put up. A ganina malamin da ya nuna wa ɗalibinsa wannan kamanni ya rage masa rabin tsoro, duk da cewa ma'anar kowanne sai an koye ta daban.

Kyautar can ta manyan kalmomi ma da ƙaya a jikinta. Ewentualnie a wurinsu na nufin wataƙila, in ta kama. Eventually kuwa na nufin komai daren daɗewa abin zai faru. Mutum ya yi nufin ya ce mai yiwuwa ya biya, sai ya wayi gari ya ɗauki alkawari. Pensja albashi ne, ba fansho ba. Aktualny na nufin abin da ake ciki yanzu, ba actual ba. Kuskuren irin wannan ya fi na nahawu haɗari, domin jimlar tana fita lafiya lau, babu wanda zai gyara maka.

Yanzu ga inda muka yi tarayya da su. Ręka a harshensu hannu ne, daga kafaɗa har tafi, kamar dai namu, alhali Bature ya raba arm da hand. Noga ƙafa ce gaba ɗayanta. Palec yatsa ne, na hannu ko na ƙafa. Pożyczyć aro ne, ko kai ka ara ko kai aka ara wa, shi ya sa borrow me ke fitowa daga bakin ɗan Warsaw, babban birninsu, kamar yadda yake fitowa daga bakin ɗan Kano. Robić kuwa shi ne “yi” ɗinmu, yana cin make, yana cin do, har ɗaukar hoto da shi suke faɗa, sai ka ji make a photo. Ba rashin sanin kalma ba ne. Rashin sanin wacce ke tafiya da wacce ne.

Mu zo kan karin magana. Akwai barkwancin da su kansu suke yi wa junansu. A ƙarshen wasiƙa sukan rubuta z góry dziękuję, wato na gode tun kafin a yi. Amma góra na nufin sama, tana kuma nufin dutse, sai mai fassara kalma da kalma ya rubuta thank you from the mountain. Kun yi dariya, amma wannan da sauƙi, nan take ake gane shi. Wanda ya fi damuna shi ne ɗalibin da ya haddace jerin karin magana ɗari daga littafi, ya zo yana cewa raining cats and dogs, abin da da wuya ka ji wani Bature na yau ya faɗa da gaske. Shawarata ita ce ka fahimci da yawa, ka yi amfani da kaɗan. Waɗanda ke aiki kullum ba su da ado: fair enough, mind you, I'm afraid, not bad. Kuma not bad ɗin nan a bakin ɗan Ingila sau da yawa yabo ne.

Anna Wierzbicka, masaniyar harshe 'yar Polan da ta koma Ostareliya, ta yi rubutu a 1985 kan wannan gaɓa. Ta nuna cewa a harshen Polan umarni kai tsaye ba rashin ladabi ba ne, yakan zama ma alamar kusanci da karamci, kamar mai gida ya ce wa baƙo zauna, ci, ƙara. Ingilishi kuwa yana naɗe buƙata cikin tambaya: would you, could you, why don't you. Mutumin kirki sai a ɗauke shi mai tsiwa saboda kawai ya ɗauko ladabin gidansu ya zuba a harshen wasu.

To ta yaya ake cike giɓin? Paul Nation, masanin koyar da harshe na ƙasar New Zealand, ya ƙiyasta cewa sai da dangin kalmomi dubu 8 zuwa dubu 9, wato kowace kalma haɗe da rassanta, mutum zai karanta jarida ko littafin labari ba tare da ya riƙa tuntuɓe ba. Irin wannan yawan kalmomi ne ya ishi wani ɗalibi a birnin Poznan na Polan, Piotr Woźniak, wanda ke haddar Ingilishi yana mantawa. A 1985 ya fara gwaji da takarda da biro yana auna lokacin da ya kamata a maimaita abu kafin ya gudu, a 1987 ya mayar da shi manhajar kwamfuta mai suna SuperMemo. Ka koya yau, ta tambaye ka gobe, sai bayan kwana shida, daga nan tazarar ta yi ta faɗaɗa muddin kana tunawa. Manhajar Anki da wasunku ke da ita a waya, a kan lissafinsa aka gina ta. Abin da zan ƙara nawa shi ne, kada ka rubuta kalma tilo a kati. Rubuta jimlar da ka tsince ta a ciki, da wanda ya faɗa, da wanda aka faɗa wa.

Sai kunne. A talabijin ɗin Polan, fim ɗin waje mutum ɗaya da suke kira lektor ne ke karanta fassarar kowa da murya guda, ana jin Turancin can ƙasa-ƙasa. Yaron Holan ko Suwidin kuwa da muryar asali yake tashi, fassara na rubuce a ƙasa. Joseph Conrad, ɗan Polan da aka haifa a 1857, sai da ya haura shekara ashirin ya koyi Ingilishi yana aikin jirgin ruwa, ya zama cikin manyan marubutan harshen, amma har ya mutu a 1924 lafazinsa bai saki ba. Ido daban, kunne daban, kowanne sai an ba shi nasa horon.

Shugaban taro ya ɗaga mini takarda tun ɗazu, alamar lokacina ya ƙare. Na ga hannu biyu can baya, a miƙa wa malama abin magana tukuna.