Jawabi a Taron Hausawa Mazauna Beljiyam: Tunawa da Stephen Keshi

Assalamu alaikum. Malam Shugaba, dattawanmu, iyaye mata, 'yan'uwa maza da mata, barkanmu da haɗuwa.

An ba ni dama in yi magana kan yaranmu da ƙwallo, sai na ga ya dace in kawo muku labarin mutumin da ya taɓa zama a garin nan na Brussels. Marigayi Stephen Keshi ya buga wa Anderlecht, kafin ya wuce Strasbourg ta Faransa. Shi ne kyaftin ɗin Najeriya lokacin da ta ci Kofin Afirka a Tunisiya a 1994.

Da ya rataye takalmi, sai ya koma horar da 'yan wasa. Togo, wadda ba ta taɓa zuwa Kofin Duniya ba, shi ya samo mata gurbin zuwa gasar 2006. Amma kafin gasar aka sallame shi, aka ɗauko Bajamushe Otto Pfister ya tafi da yaran. Wallahi abin nan har yau yana yi mini ciwo. Ya yi haƙuri, ya horar da Mali, sannan a 2011 gida ta kira shi.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ya yarda da 'yan wasan cikin gida, alhali mutane na cewa sai wanda ke Turai. A wasan ƙarshe na Kofin Afirka na 2013 a Afirka ta Kudu, Sunday Mba, wanda ke buga gasar gida, shi ya ci Burkina Faso. Da wannan Keshi ya zama mutum na biyu, bayan Mahmoud El-Gohary na Masar, da ya ɗauki kofin yana ɗan wasa kuma yana koci. A Brazil kuwa, a Kofin Duniya na 2014, a hannunsa namu Ahmed Musa, tsohon ɗan Kano Pillars, ya zura wa Ajantina ƙwallo biyu. Allah Ya yi wa Keshi rasuwa ranar 7 ga Yuni, 2016.

Jama'a, yaranmu da yawa suna kulob-kulob na unguwa a nan, kuma ba duka ne za su zama ƙwararru ba. Amma ƙofar koyon aikin koci a buɗe take. Ina roƙon Malam Shugaba da a ware wani abu daga asusun ƙungiya, a biya wa duk matashin da ke son yin kwas ɗin. Ma'aji yana nan, mai sha'awa ya ba shi sunansa kafin a tashi.

Na gode, wassalamu alaikum.