Jawabin Maraba Ga Mai Girma Ministan Yaɗa Labarai Yayin Ziyararsa Zariya

Assalamu alaikum. Mai girma Minista, ranka ya daɗe, a madadin 'yan jarida masu aiki da Hausa a Zariya da kewaye, muna yi maka barka da zuwa, sannu da hanya. Ayyukanka sun riga ka isowa, ba sai mun tsaya lissafa su ba. Buƙatarmu ɗaya ce, kuma da ita za mu fara: a kafa mana cibiyar horar da 'yan jarida a nan Zariya, da asusunta na kanta.

Ka sauka ne a garin da aka haifi Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Alhaji Abubakar Imam na kan kujerar edita. A Tudun Wada aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, tun kafin BBC ta fara magana da Hausa a 1957, tun kafin New Nigerian ta fito a Kaduna a 1966. A nan aka koya wa Arewa karanta labari da bokon Hausa. Dattawanmu sun koyi aikin ne a gaban edita mai jan biro, wanda zai maido maka da labari sau uku har sai ka ji ta bakin ɗaya ɓangaren. Yau jikokinsu, in suna neman horo, sai su jira gayyata daga Legas ko Abuja, da Turanci.

Wa ke gayyatar? Facebook ya buɗe shirinsa na 'yan jarida a 2017, Google ya biyo baya a 2018 da alkawarin dala miliyan 300. Ba mu raina ba, yaranmu sun koyi tantance hoton bogi a irin waɗannan bitoci. Amma ranka ya daɗe, in baki ya ci, ido kan ji kunya. Wanda ya biya maka kuɗin mota da otal, yaya za ka binciki harajinsa? Wani matashinmu ya dawo daga bitar wani kamfani, bakinsa ba komai sai yawan dannawa. Tun daga ranar, bayan sallar asuba wayarsa yake fara dubawa ya ga wane kanun labari ya ja mutane, labarin rijiyar ƙauyensu da ta ƙafe kuwa ya ajiye shi, wai ba ya tafiya. Wani dandalin sada zumunta ya taɓa cire mana rahoto kan kashe kuɗin ƙaramar hukuma, da alama na'urarsa ta ɗauka kisan kai muke nufi. Mun yi ta aika koke, babu ɗan Adam ɗin da ya amsa.

Kayan aro ba ya rufe katara. A 2023 Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook, ya toshe labarai gaba ɗaya a dandalinsa a Kanada saboda dokar da ta ce ya biya gidajen jarida. Idan aka yi wa Kanada haka, mu fa?

Shi ya sa muke sake roƙo, ranka ya daɗe: a ba mu cibiyar nan. A koyar da Hausa, malaman su fito daga cikin tsofaffin editocinmu da sashen koyon aikin jarida na Jami'ar Ahmadu Bello. Asusun kuma doka ta tsare shi, kada kamfani ya juya shi, kada ofishin gwamnati ma ya juya shi. Mun faɗi wannan a gabanka ne don mun san za ka fahimce mu. Kwamfutoci da wutar sola za su iya jira. Cibiyar ce ba za ta jira ba. Takardar buƙatar na hannun sakatarenmu, muna fata ta shiga mota tare da kai yau.

Allah ya maida kai gida lafiya.