Kafin ka ɗauki sukundireba, ina littafin madabod ɗinka?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka daga nan Bauchi. Kun ga wannan ɗan littafin da ke zuwa da madabod, wato babban allon da ake dasa sauran kayan kwamfuta a kai? Shi ne wanda yawancinmu ke wurgarwa tare da kwali, sai kwamfuta ta ƙi tashi a koma ana tonon shara.

Gaskiya ba duka aka rubuta da kyau ba. Wani zanensa ƙanana ne kamar ƙafar tururuwa. Wasu sababbin ma takarda ɗaya ce kawai da lambar da za ka haska da waya, cikakken littafin yana intanet. Amma ko na ASUS ne, ko MSI, ko Gigabyte, akwai shafukan da ba a tsallakewa.

Duba nan, ramukan RAM huɗu, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita. In guda biyu gare ka, galibi littafin zai ce A2 da B2, wato na biyu da na huɗu daga wajen firosesa, ƙwaƙwalwar kwamfutar. Ka jera su kusa da juna a A1 da A2, galibi kwamfutar za ta tashi lafiya lau, sai dai hanya ɗaya za su riƙa bi maimakon biyu, kuɗinka bai yi maka cikakken aiki ba.

Sai inda ake zufa: 'yan wayoyin gaban akwatin kwamfuta. Fil tara ne cunkushe a lungu, rubutunsu sai mai ƙarfin ido. Na kunnawa da na sake tayarwa, duk yadda ka juya su daidai ne. Na fitila kuwa suna da tarawa da ɗebewa. In ka juya ba abin da zai ƙone, fitilar ce dai ba za ta kama ba. Littafi mai kyau a nan ake gane shi, domin zai zana maka su ɓaro-ɓaro.

Ga kuma tarkon da suke ɓoyewa a ƙasan shafi. A wasu madabod, da ka saka M.2, wato siririyar ma'ajiyar bayanai da ake maƙalawa a jikin madabod, wani ramin SATA, inda ake jona hadis (hard disk), ya daina aiki. Sai mutum ya kwashi hadis ɗinsa zuwa kasuwar Wunti yana faɗa wai an sayar masa da matacce, alhali rami kawai zai canza.

In madabod na hannu ka saya, babu kwali balle littafi, cikakken sunansa yana rubuce a jikinsa. Na Gigabyte har da lambar bugu a kusurwa, kamar 1.0 ko 1.1, ka haɗa da ita wajen nema. Ka sauke littafin a waya tun da sauran caji, kafin a ɗauke wuta.