Hirar Tsakar Gida: Kammala Bargon Ƙyallaye

Ummi: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sanyi. Yau muna wani ƙauye kusa da Ringim, a tsakar gidan Goggo, ga Kawu ma ya baro kekensa na ɗinki ya zo. Goggo, wannan da kika baza a tabarma fa?

Goggo: Ƙyallayen shagon Kawunki ne, 'yar nan. Ragowar atamfa da shadda na ɗinkin Sallah na tsince na harhaɗa. Amma haɗa fuskar kowa ma zai iya. Inda aikin yake shi ne kama shi.

Ummi: Kama shi kamar yaya?

Kawu: Ai hawa uku ne. Ga fuska, ga auduga a tsakiya, ga shafi a ƙasa, yawanci tsohon zane. In ba a bi su da allura sun zama abu guda ba, kowanne hanyarsa zai kama.

Goggo: Ni shaida ce. Na farkon da na yi, na gurza audugata, na shiɓe ta tas, amma na yi ɗinkin nesa-nesa don in gama da wuri. Wanki ɗaya, audugar ta dunƙule a kusurwa kamar curin fura, tsakiya ba komai. Har hawaye na yi. Tun daga ranar ba na barin abin da ya wuce yatsa uku tsakanin layi da layi.

Ummi: Ta ina kike farawa?

Goggo: Ta cibiya. Ki fara yi masa dogon ɗinki da abawa don kada ya zame, sannan ki riƙa fita waje kina lailaye shi da tafin hannu. Kika fara ta gefe, duk tattarar a tsakiya za ta taru. Zanen kuma da ɗan guntun sabulu nake ja, wanki ya tafi da shi. Dubi nan, dagi ne na fitar a tsakiya. Na jaririn maƙwabciyata kuwa aska biyu na kwaikwayo, irin ta wuyan babbar riga.

Kawu: Ni dai Yaya, a keke miƙe nake bi, layi-layi a kan gaɓar ƙyallayen. Butterfly ɗina ba ya son kauri, shi ya sa nake sa siririn bargon gwanjo maimakon auduga.

Goggo: Naka ya fi sauri, ban musa ba. Amma na hannu ya fi kwanciya a jiki, kuma wurin da ba zane sosai shi dagin ke ƙawatawa. Kan atamfa mai hayaniya ɓata zare ne, ba ya fitowa.

Ummi: Baki fa?

Kawu: Nan bargo ke fara mutuwa. Kada a yi kalmasa kawai. A yanko ƙyalle mai faɗin inci 2 da rabi, a ninka biyu, a naɗe bakin da shi. In kusurwar mai lanƙwasa ce, a yanka a karkace don ya bi.

Goggo: Kuma a wanke kowane ƙyalle kafin a haɗa, balle rinin Kura ko na Ƙofar Mata, shuninsa kan zuba a kan fari. Ummi, ungo allurar nan, zura min zare, idon ya fara gajiya.

Ummi: Kawo, Goggo. Fari ko baƙi?